Na Cinye Ciyawar Tankina a Gaban Fasto

Anti Talei,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Amma kafin in fara kuka bari in gode wa Allah, domin abin da na fi jin tsoro bai faru ba. Likita ta duba ni, ta duba gwaggona, ta ce babu abin da ya same mu. Ranar da na ji haka sai da na zauna a cikin mota na yi ta dariya ni kaɗai har da hawaye, wata mata da ke wucewa ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, shi ya sa nake rubuto miki.

Na ɓoye sunana, na kuma sauya na mutanen gidana, ko da yake duk wanda ke zuwa cocinmu a Logan zai gane ni kafin ya kai rabin wasiƙar nan. Ba komai, sunan ya riga ya ɓaci.

Ni ɗan Tonga ne, an kawo ni ƙasar nan ina ƙaramin yaro, yanzu direban bas ne. Ba na shan giya, ba na caca, ƙwallon zari-ruga ma gwiwa ta raba ni da ita. Abin da nake da shi a duniya, bayan iyalina, shi ne tankin kifi na ruwan gishiri a falo, tsawonsa ya kai kujera mai cin mutum uku. Kifayen ba su da yawa. Murjanin da ke ciki, mai rai irin wanda ke tsiro a teku, shi ne abin alfaharina, musamman wani shuɗi mai rassa da na sayo bai wuce ɗan yatsa ba, yau ya kai faɗin faranti. Matata Kalolaine tana kiransa babban ɗana, wai ko ruwan wankan yaranmu ban taɓa auna zafinsa yadda nake auna na wannan ba. Ban musa mata ba, don gaskiya ta faɗa.

Bara na karɓo wani dutse daga wurin wani mutum da zai rabu da tankinsa. Ba a daɗe ba wani koren zare ya fito a jikin dutsen yana yaɗo, yana fitar da 'yan nonna masu ƙananan 'ya'ya kamar inabi. Da farko har hoto na ɗauke shi, don ya yi mini kyau. Kafin in farga ya haye duwatsu, ya nannaɗe gindin murjani, ya shiga duk wani lungu da yatsa ba ya kaiwa. In na tsinke shi a nan, sai ya ɓullo a can. Na sayo katantanwa, suka wuce shi ko kallo. Na sayo bushiyar teku, ta yanko shi ta ɗora a kanta tana yawo da shi kamar hula. Mai shagon kifi ya rantse mini wani kifi mai ruwan ɗorawa zai cinye shi tas, na kawo shi gida, ya riƙa kallon ciyawar yadda nake kallon ganyen salak. Daga ƙarshe na haƙura na sayo kwalbar magani na zuba a ruwan. A bayan kwalbar, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta kada a yi amfani da shi a kan duk abin da mutum zai ci. Na karanta na ajiye, don wa zai ci abin da ke cikin tankin falo?

A tsakiyar wannan fama ne Gwaggo Melenaite ta zo. Yayar mahaifina ce. Guguwa ta kwashe rufin gidanta a Ha'apai, can gida Tonga, ba ta da ɗa a kusa, muka ce ta zo ta zauna da mu. Anti, ke 'yar Fiji ce, ba sai na yi miki dogon bayani kan matsayin gwaggo a wurinmu ba. Abin da ta ɗora wa ido a gidan ɗan ƙaninta ya zama nata, ba a zama sama da ita, ba a ce mata a'a, ko da wasa. Muka ba ta ɗakin da ya fi kyau, muka ba ta kujerar da ta fi laushi. Kalolaine ba ta barin ta wanke ko kofi. In ta miƙe za ta ɗauki tsintsiya, yara su ruga su karɓe.

Sai ta fara ramewa a gabanmu. Macen da na ji labarin tana fita bakin teku da kwando duk lokacin da ruwa ya janye, ta dawo da abin da zai ciyar da gida biyu, ta koma zama tana kallon bango. Ta ce kazar nan ba ta da ɗanɗano, kifin nan ya mutu tun bara. Tana cin loma biyu ta ture. Sai ta fara cewa a saya mata tikiti, gara ta kwana a gidan da ba rufi da ta zauna a nan tana jiran mutuwa a kan kujera mai laushi. Wannan shi ne abin da ke cin raina, Anti. In ta koma, babu mai kula da ita a can, kuma ni ba ni da bakin hana ta.

To, ranar wata Lahadi mun gayyaci Fasto Manase cin abinci bayan coci. Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta je sujada ba, muka bar ta a gida. Da muka dawo aka jera abinci, gwaza da rogo da naman da aka naɗe a ganye, aka zazzauna. Sai ga Gwaggo ta fito daga kicin da kanta, ɗauke da kwano a rufe, tana tafiya kamar ba ita ce mai ciwon ƙafa ba. Ta ajiye a tsakiya ta buɗe. Korayen 'ya'ya ne cikin madarar kwakwa, da albasa da lemun tsami. Fasto ya tafa hannu ya ce, "Limu! A Logan? Mama, ina kika samo wannan albarka?" Ta yi murmushi kawai.

Ni na san limu, ciyawar tekun da muke ci a gida, a kwano tun ina yaro, amma ban taɓa ganinsa a kan dutse ba, shi ya sa duk watannin nan ban gane da abin da nake faɗa ba. Na juya na kalli tankina. Duwatsun sun fito fes, shuɗin murjanina yana tsaye a sarari. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara ji daɗi ne, har na ce a raina kai, Allah ya yi wa tsohuwar nan albarka. Sai kuma na tuna kwalbar. A cikin makon nan na zuba maganin.

Ki sa kanki a matsayina. Fasto ya rufe ido yana addu'a, ga yarana, ga matata, ga Gwaggo tana sheƙi. In buɗe baki in ce abincin gwaggona guba ne, a gaban baƙo, a gaban malamin coci? Ba zai yiwu ba. Ana cewa amin, Fasto ya miƙo hannu, ni kuwa na riga shi. Na jawo kwanon gabana na kama ci da ludayin rabo. Hannun Fasto ya tsaya a iska. Kalolaine ta taka mini ƙafa har sai da na ga taurari, ban tsaya ba. Fasto ya ce, "Ɗana, a hankali, ba wanda ya biyo ka. Ko azumi ka yi ba ka gaya wa coci ba?" Na ɗaga kwanon na shanye har romon. Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar da ban ji ba tun zuwanta, tana dukan cinya tana cewa, "Ku ƙyale shi! Jinin ubansa ne, haka shi ma yake yi."

Tun daga ranar sunana a coci Mai Ludayi. In na shiga wurin shan kava, abin shanmu na gargajiya, sai maza su ce, "Ku ɓoye kwanukanku, ga shi nan." Har matar Fasto ta tare Kalolaine a asirce ta tambaye ta ko ana samun matsalar cefane a gida.

Da baƙi suka watse na gaya wa Kalolaine gaskiya. Nan take ta ɗauki makullin mota. Muka ce wa Gwaggo za a auna mata hawan jini, domin ta ce ta ɗan ɗanɗana lokacin da take haɗawa. Na nuna wa likita kwalbar a ɓoye. Ta yi tambayoyinta, ta yi gwajinta, ta ce mu kwantar da hankali. Ni dai cikina ya ɗan ɓaci, ita kuma ta ce duk wanda ya sha madarar kwakwa kwano guda a tashi ɗaya dole ya ji a jikinsa, da magani ko babu. Ta gargaɗe ni kada a sake. Na fito kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Ga inda gizo ke saƙar. Gwaggo ta farfaɗo. Tana tashi da safe ta ja kujerarta gaban tanki, ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu har kafaɗa tana waƙa. Ta ce tankin gonarta ce, kuma bisa al'ada ya zama nata ɗin. Tana tsinke 'ya'yan ta bar zaren a jikin dutse, wai mai hankali ba ya tumɓuke uwa, don gobe ma rana ce. Tana yaye labule rana ta haska ruwan, wai ba ta taɓa ganin tekun da ake rufe wa labule ba. In tana cin abinci sai ta gutsura wa kifaye, naman gwangwani ne, gwaza ce, duk ta zuba, wai gona sai da taki. Kuma tana ci yanzu, Anti. Kumatunta sun dawo. Maganar tikiti ta mutu.

Tankin kuwa ya zama abin tausayi. Limun ya dawo ninki biyu. Wani koren gashi ya fito a jikin gilashi da duwatsu yana kaɗawa. A kan yashi wani jan abu ya shimfiɗu, launin hanta, in na taɓa shi sai ya salluɓo kamar fata, ga wari. Shuɗin murjanina ya fara fari daga gindi, daidai inda zaren ya shaƙe shi. Maganin na daina zubawa, kwalbar ma na jefar.

Duk Lahadi kuma sai ta haɗa kwano ta ajiye a gabana ni kaɗai. Ita ba ta ci, sai ɗan ɗanɗanon gishiri, yara ma in sun miƙa hannu ta buge, ta ce na ɗan ƙaninta ne. Ni kuma in ce na ƙoshi, zan ci anjima, in faki ido in zubar a bola. In ta ga kwano wayam sai ta shafa kaina kamar ƙaramin yaro. Abin yana sosa mini rai ƙwarai, domin ban taɓa yi wa babba ƙarya irin wannan ba.

Kalolaine ta ce ko in gaya mata gaskiya ko in kyautar da tankin, ta gaji da wasan ɓuya a gidanta. Ni kuwa ina ganin in Gwaggo ta san abin da ta ajiye a gaban Fasto, kunya ba za ta bar ta ta ƙara kwana a ƙasar nan ba. In an fitar da tankin kuma ta koma kallon bango. Gaba kura, baya siyaki. Murjanin ina sonsa, amma in dole sai ɗaya ya tafi, ba sai kin tambaye ni wanne ba. Ki gaya mini mene ne waɗannan abubuwa da suka cika mini ruwa, yaya zan yi da su, kuma da wane baki zan yi wa gwaggona magana?

Naki,
Mai Ludayi, Logan

*

Ɗana Mai Ludayi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina share ido. Na taya ka murna da kuka fito lafiya. Shekaru na yi ina sayar da kifi da murjani, na ga mutane sun yi abubuwa iri-iri don su ceci tankinsu, amma kai ne na farko da ya cinye matsalar da ludayi.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Daga yau kada kowa ya sake sa wani abu daga tankin nan a baki, ko da ɗanɗanon gishiri ne. Limun naka dangin wanda muke ci ne a gida, idon Gwaggo bai yi ƙarya ba. Amma na gida teku ne ke wanke shi safe da yamma, naka kuwa yana zaune cikin rufaffen ruwa tare da ragowar magani da kashin kifi da wannan jan abu. Bayan haka akwai murjani masu laushi, masu kama da maɓallin riga, da ke ɗauke da dafi mai tsanani. In kana da irinsu, hannun da ke da ƙaramin yanka ma bai kamata ya shiga ruwan ba. Ka sayo doguwar safar hannu ta roba, biyu, taka da tata. Kun tsira sau ɗaya, kada ku mai da shi al'ada.

Yanzu ga baƙinka. Uku ka lissafa, kuma kowanne da halinsa.

Mai 'ya'yan nan, ƙarfinsa a zaren yake. Gutsure kamar ƙumba in ya tsira sai ya zama sabon daji, shi ya sa tsinkar da kake yi da wadda Gwaggo ke yi duk shuka ce. Ka kashe famfunan da ke kaɗa ruwa kafin ka fara, don kada gutsattsari su bazu. Ka kama zaren daga ƙarshensa, ka ja a hankali da hantsaki har saiwarsa ta saki dutse. Dutsen da ya ɗagu, ka fito da shi ka goge a bokitin ruwan tanki. Fara da gindin shuɗin murjaninka, yau ɗin nan. Farin da ya yi a ƙasa ba lalle ya dawo ba, amma in saman yana da launi zai ci gaba da girma. Kuma ka sa ido: ranar da ka ga limun ya koɗe ya yi fari-fari, ka kwashe shi duka nan take ka sauya ruwa, domin yana shirin zubar da abin cikinsa ne, ruwa ya yi duhu, kifi su rasa numfashi. Abin da ka cire kada ya bi magudana ko rafi. A shanya shi ya bushe ƙayau, a binne a gindin ayaba.

Koren gashin shi ne mafi sauƙi. Abinci ya yi yawa, rana ta samu hanya, shi ke nan. Ka naɗe shi da tsohon burushin haƙori ka fitar. In ya gajarta, katantanwarka da bushiyar nan mai hula za su ƙarasa, dogon ne ba sa iya ci.

Jan da ke salluɓowa kuwa ba ma ciyawa ba ce, ƙwayoyin halitta ne da ke son wurin da ruwa ya kwanta, datti ya taru. Ka zuƙe shi da tiyo duk lokacin sauya ruwa, ka juya bakin famfo ɗaya ya riƙa busa saman yashin. Sai dai ka duba da kyau. In ka ga wani mai launin ƙasa-ƙasa, mai yauƙi, yana ja kamar zare da kumfa a jikinsa, da safe ya ɓace da rana ya dawo, katantanwa kuma suna mutuwa, wannan wani ne daban, kuma yana da dafi. Kada ka yi masa maganin ka-ce-na-ce. Ɗebi kaɗan a kwalba ka kai shagon da ke da madubin ganin ƙananan halittu su faɗa maka sunansa.

Ruwa ba ya tsami banza. Dukansu ukun taki ɗaya suke ci, wato ragowar abinci da kashin kifi, abin da 'yan shago ke aunawa su kira naitiret da fosfet. Naman gwangwani da gwaza ba abincin kifi ba ne, maiƙonsu kaɗai ya isa ya rikita tanki. Ka riƙa sauya ruwa kaɗan-kaɗan kowane mako, da tataccen ruwa da aka haɗa da gishirin tanki, ba na famfo ba, ka sa gawayin tacewa ya kwashe ragowar maganin, ka rufe gefen gilashin da rana ke bugawa. Amma kada ka yi zafin nama ka tsotse takin gaba ɗaya, murjani ma yana ci. Garin neman gira kada a rasa ido. Wannan aikin watanni ne, sannu ba ta hana zuwa.

To, mu koma kan Gwaggo, wadda ita ce ainihin wasiƙar.

Ba zan ce ka yi laifi da ka yi mata kara a gaban Fasto ba. Ni ma da haka aka raine ni, kuma ranar ka zaɓi ka zubar da naka mutuncin don ka kare nata. Wannan abin yabo ne. Amma Kalolaine ma tana da gaskiya. Karar rana ɗaya daban, ƙaryar kowace Lahadi daban, kuma ranar da Gwaggo ta buɗe bola ta ga limunta a ciki, abin da kake gudu zai same ka ninki.

Akwai kuma wani abu da kai da kanka ka rubuta ba ka lura ba. Ka ce ba ta cin limun. Ka ce tana buge hannun yara. To ashe ba kwaɗayin limu ne ya tashe ta daga kujera ba. Kun ɗauko macen da ta saba ciyar da gida biyu, kun zaunar da ita, kun karɓe mata tsintsiya, kun hana ta wanke kofi, duk da sunan girmamawa, har ta ga ba ta da amfanin komai a gidan. Ranar da ka jawo kwanon nan, abin da ta gani shi ne akwai abu guda da ɗan ƙaninta ke so wanda ita kaɗai za ta iya ba shi. Kai kana ɗaukar kwano don kada ranta ya ɓaci, ita tana noma don ka ci. Kowannenku yana wahala saboda ɗayan, kuma babu wanda ya gaya wa wani.

Saboda haka ba a'a za ka ce mata ba, taimako za ka nema. Ka zaɓi lokacin da ba kowa, ka zauna a ƙasa kusa da ƙafarta yadda ya dace, ka tafi da ɗan abin gaisuwa a hannu. Ka gaya mata akwai magani a ruwan tun kafin ta taɓa shi, ita ba ta da hanyar sani, kuma dalilin da ya sa ka cinye kwanon ke nan. Na san kana tsoron kunya za ta kore ta. Ni ina ganin tsohuwar da ta ji ɗan ƙaninta ya sha abin da yake zaton guba ne don kada a ga wallenta ba tikiti za ta nema ba. Ƙila ta yi maka faɗa, ƙila ta ja maka kunne. Ka sunkuyar da kai ka sha, kai ka jawo.

Daga nan ka nuna mata gindin murjanin. Tunda tankin nata ne bisa al'ada, murjanin ma nata ne, kuma ana shaƙe mata shi. Macen da ta san yadda ake barin uwa don ta sake toho ta fi kowa sanin yadda ake cire ta in an so ta tafi. Ka roƙe ta ta karɓi aikin. Abincin kifi na yini kuma ka auna a ɗan murfi ka damƙa mata, ita ce mai rabo, in ya ƙare ya ƙare. Sannan ka haɗa mata ƙaramin tanki a gefe, da fitilarsa, wanda ruwan babban ke bi ta ciki, da raga a bakin bututu don kada gutsure ya koma. A can limu ya yaɗu yadda ya ga dama, yana shanye takin da ke damunka, ita kuma tana girbe shi kowane mako tana kai wa ayaba. Ka ce wa Kalolaine kuma, cikin ladabi, ta sakar mata kicin ko da ranar Lahadi ce. Kofin da tsohuwa ta wanke ba ya rage mata girma.

Limun ci kuwa, ka tambaya a shagunan mutanenmu, akan kawo limu mai tsabta da aka tanada don ci. Ka sayo ka miƙa mata ta haɗa da hannunta. Ka sake gayyatar Fasto Manase, bawan Allah yana binka kwano guda, ka bar masa ludayin ya fara. Sannan ka ɗebi naka ka ci a gabanta, a hankali, tana kallo. Makonni ke nan tana ganin kwano wayam, ba ta ga ka ci ba.

Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana a gidanka, ya mai da wa babban ɗanka launinsa. Ka gaishe mini da Kalolaine, ka ce ta yi haƙuri da kai.

Taka,
Anti Talei